Saƙon murya biyu da buhu 120 na riɗi: yadda muka zaɓi wurin tattaunawar ma'aikata

Kamfanin da nake riƙe wa lissafi sana'arsa sayen riɗi da zoɓo. Muna saye a kasuwannin Jigawa irin su Maigatari da Gumel da Gujungu, mu tara a sito, a sheƙe a tsince, sannan a loda wa mota zuwa Dawanau, inda masu fitar da kaya waje suke jira. Siton yana wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ofishin ɗaki biyu ne a jikin siton, da sola a kan rufi. Idan kaka ta kankama mukan kai mutum 40: mu shida a ofis, wakilai 11 masu shiga kasuwa, sauran kuma masu sikeli, masu gadi, direbobi, da Hajiyar da ke shugabantar mata masu tsintar zoɓo.

Duk mutanen nan zaure guda ne ya haɗa su a WhatsApp. Mai kula da sito na wancan lokacin ne ya buɗe shi da layinsa, don a riƙa sanin motar da ta taso. Ba wanda ya zauna ya tsara abin da za a riƙa yi a ciki. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin Naira, shi ya mayar da zauren ofis na sosai. Babu kuɗi a hannu sai taransifa, don haka wakili zai ɗauki hoton lambar asusun manomi ya jefa a zaure, ni in tura kuɗin, in jefa hoton shaidar biya. Daga baya kuɗi suka dawo hannun mutane, amma al'adar ta zauna. Kafin shekara ta ƙare, a nan ake sanar da farashi, a nan ake turo rasit, a nan ake barka da Juma'a, a nan ake sanarwar rasuwa da ɗaurin aure.

Ranar Alhamis ɗin

A watan Nuwamba na 2023, wata Laraba bayan isha'i, Alhaji mai kamfanin ya tura saƙon murya. Wanda ya san Alhaji ya san saƙonsa: sallama, salati, gaisuwar gajiya, nasiha a kan amana, sannan farashi a tsakiya, sannan addu'a. Minti uku da wani abu. Ya faɗi kuɗin da za a sayi buhun riɗi washegari a Maigatari, da yake ranar Alhamis kasuwar take ci.

Da asuba mutumin Dawanau ya kira shi ya ce kasuwa ta sauka. Wajen ƙarfe shida Alhaji ya sake tura saƙo, wannan karon gajere: a rage Naira 5,000 a kowane buhu.

Babban wakilinmu dattijo ne da kowa ke kira Baba. Tun zamanin mahaifin Alhaji yake saye, yakan damƙi riɗi ya murza a tafin hannu ya gaya maka ko ya bushe ko da sauran danshi, kuma sikeli ba ya ƙaryata shi. Wayarsa 'yar tocila ce. Babbar wayar ta ɗansa ce, wanda ke bin sa kasuwa, kuma shi yake kunna masa saƙonni. Da daddare ya kunna masa na farko. Da safe suka kama hanya. Duk wanda ya saba da Maigatari ya san idan ka matso iyaka waya takan kama sabis ɗin Nijar, don haka yaron ya kashe data tun a hanya, don kada a cinye masa kati. Kafin la'asar Baba ya sayi buhu 120 a tsohon farashi. Saƙo na biyu bai shigo ba sai a hanyar dawowa, tare da wasu saƙonnin fiye da 60, har da bidiyon wa'azi biyu da katin gayyatar biki.

Naira 600,000 ke nan.

Ranar Juma'a aka zauna a ofis. Alhaji ya ce, "Baba, ai na faɗa, kowa ya ji." Baba ya gyara zama ya ce, "Alhaji, Allah ya ja zamaninka, abin da kunnena ya ji shi hannuna ya yi." Yaron yana tsugune bakin ƙofa, kansa a ƙasa, don ya san idan za a nemi mai laifi a kansa za a sauke. Na roƙi Alhaji wayarsa, na danne saƙon na buɗe bayaninsa, wurin da WhatsApp ke nuna wa mai turawa wanda saƙo ya isar wa da wanda ya saurara. Ga shi a fili: bai isa wayar yaron ba sai ƙarfe biyar saura na yamma. Kuma ba shi kaɗai ba. A cikin wakilai 11, huɗu ba su saurare shi ba kafin azahar, sa'a kawai aka yi ba ranar kasuwarsu ba ce.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya dube ni ya ce, "Akanta, kai ne ɗan boko. Nemo mana abin da manyan kamfanoni suke aiki da shi."

Kafin in fara ma sai ga matsala ta biyu. A watan Janairu na 2024 mai kula da sito ya bar aiki, ya koma saye wa wani. Shi ya ƙirƙiri zauren, kuma WhatsApp ba ya barin a cire wanda ya ƙirƙiri zaure. Bai fita ba, bai kuma ce uffan ba. Yana zaune yana ganin farashinmu kowace safiya. Da muka farga muka buɗe sabo, sai muka tarar da tarihin shekara guda a warwatse a wayoyin mutane, kuma yawancinsu sun goge hotuna tuntuni saboda waya ta cika. Da na zauna rufe lissafin kaka, akwai rasit da na nema na rasa har yau.

Kuskurena na farko

Na ɗauko Slack, wata manhajar tattaunawar ma'aikata. Na karanta cewa kamfanonin fasaha da shi suke aiki, na kuma ga tsarinsa ya burge ni: kowane batu da sashensa, farashi daban, motoci daban, kuɗi daban, ana iya binciko tsohuwar magana, kuma kamfani ne ke da ikon shigar da mutum ko fitar da shi. A takarda, maganin ciwonmu ke nan.

Wata Asabar na tara wakilai a gindin darbejiyar da ke ƙofar sito. Abu na farko da manhajar ke nema shi ne imel. Yawancinsu suna da shi ba su sani ba, domin mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya, shi ma ya manta lambar sirrin. Na buɗe sababbi guda bakwai, ina rubuta wa kowa lambar sirrinsa a bayan tsohon rasit. Da aka zo saukar da manhajar, waya uku suka ce babu wuri. Ƙananan itel ne da Tecno, cike da karatun malamai da waƙoƙi da hotunan 'ya'ya. Na ce wa wani direba sai an goge wasu bidiyoyi, ya karɓe wayarsa ya ce, "Akanta, wannan na sunan ɗiyata ne, goge naka abin." Muka tashi bayan la'asar, na ƙone data mai yawa, mutum 20 da 'yan kai sun shiga.

A makon farko mutum tara ne suka rubuta wani abu, yawanci sallama. A mako na biyu daga ni sai manaja. Manhajar tana da wurin naɗar murya, amma duk rubutun jikinta Turanci ne, kuma ba wanda zai bar inda yatsansa ya saba ya je lalube. Ana cikin haka aiki yana ta tafiya a WhatsApp kamar ba a yi komai ba.

Sai kuma kuɗi. Tsarin kyauta na Slack saƙonnin kwana 90 kawai yake nuna maka, mu kuwa rigimar riɗin Nuwamba takan taso a watan Afrilu. Tsarin biya ya haura Dala 7 a kan kowane mutum a wata. Mutum 40 kusan Dala 290 ke nan. Kafin a sakar wa kasuwa darajar Naira a watan Yuni na 2023, lokacin da Dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, da abin ya tsaya a Naira 130,000 da ɗoriya. A watan Fabrairu na 2024 da Dala ta haura Naira 1,500, lissafin ya wuce Naira 400,000 duk wata, har da watannin damina da ba ma sayen ko kwano ɗaya. Ga shi a lokacin katin Naira na yawancin bankuna ba ya biyan kuɗi a waje. Ban ma kai wa Alhaji takardar ba.

Laifin ba na manhajar ba ne. An gina ta ne don mutanen da suke wuni gaban kwamfuta suna rubutu. Ni ne na zaɓi kaya da idon mutum shida na ofis, alhali masu riƙe da kuɗin kamfani a aljihu suna tsakiyar kasuwa da wayar da cajinta ke ƙarewa kafin azahar.

Abin da ke cikin zauren

Bayan na sha kunya, na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na fitar da hirar mako biyu daga tsohon zauren zuwa kwamfuta, na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabi saƙon murya ne, wanda ba ya bincikuwa, sai dai ka zauna ka saurara. Sannan na lura magana iri uku ce muka zuba a kwano ɗaya.

Akwai maganar yanzu-yanzu: mota ta lalace a hanyar Gumel, buhuna sun ƙare, farashi ya canza. Wannan tana so ta isa cikin minti biyar ga mutumin da sabis ɗinsa ya fi na kowa rauni, gobe kuma ba ta da amfani. Akwai lissafi: buhu nawa, kilo nawa, wa aka biya. Wannan ba gaggawa take so ba, so take kada ta ɓata, kuma a iya tara ta. Akwai kuma shawara da hukunci, misali an amince a ba wane bashin buhuna, ko an daina karɓar zoɓon da aka yayyafa wa ruwa. Wannan mutum biyar ko shida ke yanke ta, amma bayan wata takwas wani zai ce ba haka aka yi ba. Zumunci kuma yana yawo a tsakaninsu, shi ya fi kowanne yawa.

Da na ga haka sai tambayar ta canza. Ba wace manhaja ce ta fi kyau ba, a'a, kowace irin magana ina ya kamata ta zauna, kuma idan ma'aikaci ya tafi, a hannun wa za ta rage.

Sauran da muka duba

Manaja ya so Microsoft Teams, saboda mun riga mun saba da Excel, wanda shi ma na Microsoft ne. Mu shida muka gwada a ofis. A kwamfuta lafiya lau, a ƙaramar waya yana da nauyi, kuma matsalar imel da biyan kuɗi kan kowane mutum tana nan. Wani ɗan'uwan Alhaji da ke aiki a Abuja ya ba da shawarar Workplace na kamfanin Meta, tunda kamarsa ɗaya da Facebook, kowa zai gane. Muna cikin tunani, a watan Mayu na 2024, Meta ya sanar da cewa zai rufe shi. Ni kuma zuciyata ta kwanta da Discourse, irin zauren da kowane batu ke da shafinsa, a yi ta muhawara a ƙarƙashi, a binciko bayan shekaru. Manhajar kyauta ce idan za ka ɗora ta a kan kwamfutar ajiya taka. Amma wa zai yi dogon rubutu a cikinmu? Mu shida ne, kuma ofishinmu ɗaya. Gina masallacin Juma'a ne a ƙauyen gida uku.

Muna tsakiyar gwajin Teams, ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. A wurinmu ranar babu abin da ya yi aikin kirki, na kuɗi da na kyauta. Kira da tes ne suka fitar da mu. Wayar Baba, 'yar tocilar da nake yi wa kallon raini, ita ce ba ta san an yi wani abu ba. Daga ranar na rubuta a littafina cewa duk tsarin da za mu yi, farashi sai ya bi ta hanyar da ba ta buƙatar data.

Wanda ya kusa cin gasar shi ne Telegram, kuma har yanzu ina ganin ta fuskar aiki ya fi dacewa da mu. Da lambar waya ake shiga, babu ruwansa da imel. Saƙonni da hotuna a wurin kamfanin suke zama, ba a wayarka kaɗai ba, don haka kana iya share waya ta samu wuri ba tare da rasit ya ɓata ba. Ana iya saita zaure ta yadda sabon shiga zai ga abin da aka tattauna kafin zuwansa, abin da WhatsApp ba ya yi a lokacin. Ana kuma iya raba zaure guda zuwa batutuwa. Saukar da shi ma bai ba mu wahala ba, domin daminar 2024 ce, lokacin da samari suka dukufa danne-dannen Hamster Kombat, wasan da ake yi a cikin Telegram, suna jiran ta fashe. Kusan kowane yaro a sito yana da shi.

Wannan ɗin ne kuma ya kashe shi. Alhaji ya ga mai sikeli yana ta dannar waya da yatsa huɗu, ya tambaya, aka ce masa Telegram ne. Da na kai masa shawarar sai ya ce, "Wannan na 'yan cacar? Akanta, kuɗina za ka sa a ciki?" Na yi bayani iya bakin ƙoƙarina. Amma ko da na shawo kansa, gwajin wata guda ya nuna wani abin da ya fi wannan nauyi: dattawa ba sa buɗe shi. Mutum yakan duba WhatsApp sau ashirin a wuni saboda matarsa da 'yan'uwansa da abokan cinikinsa suna can. Manhajar da aka ware don aiki kawai sai an tuna da ita, kuma saƙon farashin da sai an tuna a duba shi ne ainihin abin da ya ci mana Naira 600,000. Sannan hirar zauren Telegram ba ta da irin kullen da WhatsApp ke yi, wanda daga mai turawa sai masu karɓa ne ke iya karantawa. Wannan bai dami Alhaji ba, ni ya ɗan dame ni.

Abin da muka tsaya a kai

Maganar yanzu-yanzu ta zauna a WhatsApp, amma an sake ginin daga tushe. Muka sayi layi na kamfani da waya ta kamfani, tana zaune a aljihun teburin ofis, an haɗa ta da kwamfuta. Da ita aka ƙirƙiri komai, an sa mata lambar sirri ta biyu da ni da Alhaji kaɗai muka sani, saboda masu kiran mutum su ce ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa. Duk wata ana sa mata kati a yi kira, ko da damina ne, don layin da aka daɗe ba a amfani da shi akan karɓe a sayar wa wani. Muka yi amfani da tsarin da WhatsApp ya fito da shi a 2022 na tara zaure da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya. A zauren sanarwa, masu kula ne kawai ke iya turawa. Na aiki, wakilai da direbobi da sito. Na zumunci kuma, wanda ya ga dama ya shiga. Na so in hana zumunci gaba ɗaya, manaja ya ce, "Malam, idan ka toshe wa ruwa hanya, ɗakinka zai shigo." Gaskiyarsa.

Farashi ya samu doka ta kansa. Kowane farashi yana da lamba da kwanan wata, a rubuce, layi biyu: Farashi na 14, Alhamis 7 ga Nuwamba, riɗi kaza, zoɓo kaza. Idan ya canza, ba a gyara tsohon saƙo, duk da WhatsApp yana ba da minti 15 na gyara. Sabon saƙo ake yi da sabuwar lamba. Ana bin rubutun da gajeren saƙon murya, a kuma tura tes ga kowane wakili. Kafin wakili ya ɗora buhun farko a sikeli zai amsa da lambar: ina kan 14. Wanda bai amsa ba zuwa ƙarfe bakwai na safe, kira ake yi har sai an same shi. Idan farashi ya canza ana tsakiyar kasuwa, ba a jiran amsa, kira ne kai tsaye.

Alhaji bai daina saƙon muryarsa ba, ban kuma nemi ya daina ba. Abin da ya canza shi ne inda yake tura shi. Mun ɗauki magatakarda, wata yarinya 'yar ƙauyen mai takardar NCE, da ke zaune ba aiki. Ita Alhaji ke tura wa, ta tsamo farashin daga tsakanin salati da nasiha, ta karanta masa ya tabbatar, sannan ta sanar. Da yamma ta bi zauren aiki ta saurari duk saƙonnin murya, abin da ya shafi kuɗi ko kaya ta rubuta. Albashinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za mu biya lasisin Slack na mutum 40 ba. Kuma tana yin abin da babu manhajar da na gwada da za ta yi: Baba da ajami yake rubuta lissafinsa a ƙaramin littafi, ɗansa ya ɗauki hoton shafin ya turo, ita kuma ta yi makarantar allo, ta karanta ta shigar.

Lissafi da hukunci sun koma Google Workspace, tsarin imel da jadawali da ajiyar takardu na Google, amma mutum shida kawai muke biya wa. Dalilin biyan shi ne asusun na kamfani ne: idan mutum ya bar aiki, a rufe nasa, a mayar da takardunsa hannun wani. Akwai jadawalin saye da na biya, akwai kuma takarda guda da muke kira littafin hukunci, inda duk abin da aka yanke ake rubuta shi da kwanan wata da sunan wanda ya yanke. Duk ranar Juma'a ana fitar da hirar zauren aiki a ajiye a can. Wani ƙaramin abu da ya ba mu wahala: wani ya rubuta riɗi, wani ridi, wani ri'di, sai ka yi bincike ka samu rabi. Muka yanke cewa a sunan fayil ba a sa harafi mai ƙugiya. Ni da nake son a rubuta Hausa daidai, hakan ya yi mini ciwo, amma na haƙura.

A bakin sikeli mun sa ODK Collect a waya biyu. Fom ne da ake cikewa ba tare da intanet ba, tambayoyin da Hausa: sunan wakili, kasuwa, yawan buhu, nauyi, hoton rasit. Idan sabis ya zo ya tura da kansa. Wani yaro a Kano ne ya ɗora mana wurin ajiyarsa. Na san na ƙi Discourse saboda irin wannan ɗawainiyar, amma bambancin shi ne idan wurin ajiyar ya faɗi kwana biyu, fom ɗin yana nan a waya yana jira, aiki bai tsaya ba. Rasit na takarda mai kwafi uku ma bai tafi ko'ina ba.

Akwai abu biyu da ban hango ba, Hajiya ce ta nuna mini. Na ce za a sa mata huɗu masu duba tsinta a zauren aiki. Ta ce, "Ɗana, lambar matar aure za ka zuba a gaban direbobi? Gobe mijinta zai hana ta zuwa." Aka buɗe musu nasu daban, daga su sai ita sai magatakarda. Ita ce kuma ta tambaya dalilin da zai sa mai gadi ya riƙa ganin lambar asusun manomi da kuɗin da aka biya shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai karɓar irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, amma kafin in tuna da dokar Hajiya ta riga ni. Yanzu lambar asusu kai tsaye ake tura ta layin kamfani, ba ta shiga zaure.

Bayan kaka guda

A kakar 2024 farashi ya canza sau da dama ana tsakiyar kasuwa, ba a sake saye a tsohon farashi ba. Sau ɗaya aka kusa, a Gujungu, aka kasa samun wakili, sai ta wayar wani dillali aka same shi. Rufe lissafi ya ɗauke ni kwana tara maimakon wata guda da rabi. Da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wakilai suka yi ƙorafi, muka ƙara musu kuɗin kati, muka kuma bi wayoyinsu muka kashe saukar da bidiyo kai tsaye.

Akwai inda tsarin bai kai ba. Tarihin zauren aiki har yanzu yana wayoyin ma'aikata, wanda ya tafi ya tafi da kwafinsa, abin da muke iya yi kawai shi ne cire shi ranar. Littafin hukunci kuma yana da rami babba: dattawan wakilai sukan kira Alhaji kai tsaye, ko su same shi bayan sallar magariba, ya ce na amince, maganar ba ta biyo ta ofis ba. Sau biyu na ga kuɗi sun fita ban san dalili ba sai da na bi sawu. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce, "To Akanta, mutumin da ya yi aiki da mahaifina zan ce wa ya je ya cike fom?" Ba ni da amsa. Abin da muka samu shi ne magatakarda takan kira shi kowace safiya ta ce, "Baba Alhaji, akwai abin da aka yanke jiya da zan rubuta?" Wani lokaci ya tuna, wani lokaci sai bayan kwana uku.

Yanzu kuma an sa ranar aurenta, bayan babbar Sallah, kuma Hadejia za a kai ta. Na fara koya wa ƙanenta aikin jadawali, yana kamawa da sauri, sai dai bai iya ajami ba, kuma Alhaji ya riga ya ce shi ba zai riƙa tura wa yaro saƙo da asuba ba.